Kwabo-kwabon Rana

Ruairidh ya bar mini mota a bayan gida,
fara, mai gado a cikinta da murhu mai baki biyu,
da labulen da na ɗinka mata shekara goma sha tara da suka wuce.
Ya bar mini ɗan faifan sola,
bai fi farantin kai wa baƙo shayi ba,
a kafe bisa rufinta da ƙusa huɗu, ɗaya a karkace.

"Ishbel, kada ki bar batir ya kwana da yunwa."
Wasiyyar ke nan, a gadon asibitin Stornoway.
Ba ta gida ba, ba ta tumaki ba.
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

A tsibirin nan, in sanyi ya kama,
rana baƙuwa ce mai sauri.
Sai ta leƙo wajen ƙarfe tara, ko zama ba ta yi,
kafin ruwan zafi ya huce ta ɗau takalmanta.
Abin da ta yar a hanya shi faifan ke tsinta,
kwabo yau, kwabo gobe,
jibi babu.

Ni kuwa kullum sai na jingina tsani,
da tsumma a aljihu, da gwiwa mai ƙara,
in goge gishirin teku,
in goge kashin tsuntsayen da ba su san kunya ba,
in sauko in leƙa ƙarƙashin kujera
inda 'yar koriyar fitila ke lumshe ido
kamar mage a gindin murhu.

Maƙwabcina Murdo ya ce, "Ciro shi mana,
in jona miki a wutar rumfata."
Na ce na gode.
Guntun gatarinka, ai ka san sauran.
Ɗana ya kira daga Glasgow, ya ce a sayar,
tsatsa ba ta jiran kowa.
Na ce masa layin ba kyau.

Daren da iska ta kwashe rufin cocin ƙauye
na wayi gari fitilar ta mutu.
Ban yi kuka a maƙabarta ba, kowa shaida ne,
amma nan, durƙushe tsakanin kujera da tukunyar gas,
sai da na jiƙe hannun riga.
Da na share ido na bi waya da yatsa
har inda ta yi kore, gishiri ya cinye bakinta.
Wuƙarsa na cikin akwati, inda take tun da.
Na fere, na murɗa, na naɗe da baƙin salatif,
aikin da zai gani ya girgiza kai.
Kwana biyu gajimare bai ɗaga ba.
A na uku, da azahar, ta buɗe ido.

Yau da gobe, in ji masu magana,
ita ke sa allura ginin rijiya.

Watan huɗu, tumaki sun fara haihuwa,
na zauna a kujerarsa, ƙafata ba ta kai ba,
na ja ta gaba.
Makulli, tari ɗaya. Shiru.
Tari biyu.
Sai ta ɗauka, jikinta duka na rawa,
rediyo ya farka inda ya bar shi,
wani na karanta wa masunta labarin iska.

Na kai ta bakin yashin Uig da giya ta biyu,
motoci uku a bayana suna haƙuri.
Na juya mata baya ga teku, rufi ga rana,
yadda yake yi.
Na ɗora buta.
Sai da na zuba na ga kofi biyu na fitar.

Na shanye nawa.
Nasa na bari a bakin taga,
rana na shan shi a hankali.