Maki Biyu da Rabi

Daga Lima na taso, jaka ɗaya, takarda ɗaya,
awa goma sha huɗu mota tana nishi a kan duwatsu,
kunne ya toshe, numfashi ya gajarta.
A ofis aka ce, "Nélida, je ki gano mana
ko kuɗin hidimar matasa ya haifi ɗa mai ido."

Takardata layi ashirin ce, kowane da ɗan akwatinsa.
Bishiya nawa aka dasa? Ɗari biyar.
Nawa suka rayu?
Wilmer Tinco bai amsa ba, ya shige gabana
har gangaren, don in ƙirga da kaina:
sittin da ɗaya, har da wadda akuya ta yi wa aski.
"A Yuni kuka aiko da dashen," in ji shi,
"watan da raɓa ke kwana ta wayi gari ƙanƙara.
Wanda ya tsayar da ranar bai taɓa kwana nan ba."
Na rubuta sittin da ɗaya.
Akwatin ya cika, sauran maganar ta tsaya a waje.

An raba kayan aiki? An raba.
Yovana ta ɗaga ƙafa ta nuna mini:
takalmin ƙato, lamba arba'in da huɗu,
ta cusa gashin tunkiya a ciki don kada ya tsere mata.
Ta yi dariya. Na sa alamar "eh", hannuna da nauyi.

Matasa nawa suka kammala?
Sha bakwai cikin ashirin.
Ukun sun jira alawus wata huɗu,
da yunwa ta gaji da jin "gobe"
suka gangara gonakin Ica neman na tuwo.
Takarda ta kira su "waɗanda suka janye".

Da la'asar wata tsohuwa ta kamo gefen rigata,
Eusebia Pariona, hula baƙa, haƙori uku.
Ba ta ce uffan ba sai da muka kai bakin gonarta.
Ruwa ne, siriri kamar zaren saƙa,
yana bin magudanar dutse ta kakanninsu.
"Shekara bakwai rabona da shi," ta ce.
"Yaran nan suka tone ta, Asabar bayan Asabar,
da suka ga bishiyoyinku sun mutu."
Na duba layi ashirin, sama da ƙasa, ƙasa da sama.
Babu layin ruwa.
Ba mu sa su ba, don haka a wurinmu ba su yi ba.

Da dare, a ajin da suka share don ni,
na buɗe baki zan yi jawabin godiya,
sai Yovana ta miƙo falle ɗaya, yagaggen littafin lissafi.
Su ma sun ja layi, su ma sun yi akwati.
Cika alkawari: sifili.
Tambayar mutane kafin yanke shawara: sifili.
Shebur da diga, don sun yi ƙarko: biyu.
Jimla, biyu da rabi cikin goma.
Na ce, "Rabin fa?"
Wilmer ya ce, "Na ƙafarki ne. Na bara ta waya ya auna mu."

Wanzami, aka ce, ba ya son jarfa.
Na ji zafinta har ƙeya, na ninke fallen biyu.

Yanzu mota tana gangara, kunnena yana buɗewa.
Dafaffen dankalin Eusebia na cinyata, da sauran ɗumi.
Rahotona shafi talatin zai kai,
wanda zai sa hannu shafin farko kawai yake karantawa.
Na ciro fallensu, na shafe shi da tafin hannu,
na ɗora a sama,
na danna masa ƙusa biyu.