Kalma Biyu a Bakin Gareji

Tara ta wuce, an ɗauke wuta a Mabera.
Hajo ta jingina fitilar waya da gwangwanin giris,
littafin Turanci a cinya, jarrabawa saura mako.
Ni ina wanke kafireto cikin kwanon fetur,
hannu ga aiki, kunne gare ta.

Ta ce, "Baba, break down."
Na ce, wanga ai nawa ne, ɗiyata.
Shekara talatin da ɗaya shi ke ci da ni.
Mota ta mace a hanyar Illela da lodin albasa,
direba na zufa, yaron mota na tsaki,
a tashe ni tsakar dare in ɗauki sifana.
Ta tsaya, ta lalace, ta ƙi tashi:
ga ma'anarsa nan, rufe littafin.

Ta yi dariya har fitilar ta kife.
"Guda ɗaya ke nan, Baba. Da saura."

Wai idan Alhaji Maccido ya murtuke fuska
ya ce in warware masa kuɗin gyara,
fulogi nawa, baƙin mai nawa, ladan hannu nawa,
wai shi ma sunansa ke nan.
Malami ya feɗe maka biri har wutsiya, shi ne.
A sa kafaɗa a ɓalle ƙofa, shi ne.
Har taki da ke ruɓewa a fadamar Kwalkwalawa,
har tuwon da ke narkewa cikina yanzu haka.

Na ce, kai, Turawa da rowa suke!
Kalma biyu sunka labta wa kaya
kamar jakin da ya fito Kara ranar kasuwa.
Ta ɗago ido: "To, ci fa?
Ka ci tuwo, ka ci kasuwa, ka ci bashi,
wani ya ci amana, wuta ta ci rumfa,
rigarka ta Sallah ta ci yadi goma,
ni kuma ina son in ci jarrabawa."
Na buɗe baki ban sami abin faɗi ba.
Yarinya ta ci ni.

Ta juya shafi, muryarta ba ta sake ba.
"Ana faɗinsa idan magana ta watse,
sulhu ya wargaje, zama ya ƙi."

Tsumma ya tsaya a hannuna.
Ba ta san Modi take karantawa ba,
ƙanena, ciki ɗaya, nono ɗaya,
da munka zauna kan gonar Wamakko
munka tashi ba sallama.
Damina huɗu ke nan.

"Ta ƙarshe," in ji ta, tana hamma,
"mutum ya daure, ya daure,
sannan kuka ya ci ƙarfinsa."

Ranar da munka kai Inna ban yi hawaye ba.
Na karɓi gaisuwa, na raba goro.
Sai ran kwana shida, ƙarƙashin wata tsohuwar fijo,
ƙusa ɗaya ta ƙi kwancewa,
na ja, na ja,
sai ga ni kwance cikin baƙin mai
ina shessheka kamar injin da ya sha ruwa.
Yarana sunka ɗauka salansa ce ta ƙone ni.

Na ce, Hajo, duba mini, yana da kishiya?
Ta bi layin da yatsa. "Ba su rubuta ba."

Ba komai. Wannan darasin ni ke da shi.
Motar da ta mace ba a zaginta,
a buɗe gaba, a hura fulogi,
a sami mai kama sitiyari, a sami mai turi.

Na goge yatsa ɗaya a gefen wando.
Ba ni wayar, na ce, ki yi haƙuri da duhu.
Lambar na nan, ban taɓa share ta ba.

Tana shiga.