Ruwan da Ba Ya Ɗiga Ƙasa

Kyari ya turo moton jeji daga hanyar Tanut,
ya ce: kullum da safe ina cika shi,
kafin azahar ya shanye.

A Damagaram wa ke wasa da ruwa?
Mu da muka girma riƙe da jarka
a layin famfo tun asuba.

Na shimfiɗa kwalin sukari ƙarƙashin inji,
muka bar shi ya kwana.
Gari ya waye, kwali a bushe ƙayau.

Na bi tiyo da yatsa
kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa.
Na leƙa ramin famfon ruwa,
ɗan mitsitsin nan.
Shiru.
Radiyato kuwa, ban da fara biyu
da suka mutu a haƙarƙarinsa,
lafiya lau.

Sai na kwance notin mai.
Abin da ya zubo ba baƙi ba ne,
shayi ne da madara ta yi wa yawa.

Kyari ya dafe kai.
Na ce: ɓarawon na cikin gida,
juwan kulas ya ƙone,
sai an aika Kano.

Ya tambayi kuɗi.
Na ce: zauna tukuna,
inuwar bedi kyauta ce.