Gida Na Biyar

A bayan babur aka kawo shi, ran kasuwar Auyo,
riga biyu a leda, silifa guda ta tsinke.
Aka ce, "Gwaggo, ga Talle, naki ne yanzu."
Na miƙa hannu, ya dube shi kamar garwashi,
bai matso ba, bai kuma gudu ba.

Shekara bakwai, gida huɗu ya zaga.
Uwar ta rasu yana nono, daminar da ruwa ya ci gari.
Kaka ta goya shi har ƙasa ta rufe mata ido,
kawu ya riƙe shi wata takwas, ya tafi ci-rani,
sauran biyun ban tambaya ba.

Na haifi shida, na binne biyu,
na san mai kuka, na san mai ƙiriniya.
Amma yaron da lauje ya yanka a gonar shinkafa,
ya ɓoye yatsan a hammata har magariba,
jini ya bushe a riga, ko uffan,
irinsa ban taɓa gani ba.

In na zuba tuwo, rabi yake ci,
rabi ya tura ƙarƙashin tabarma.
Tururuwa ce ta tona asiri.
Na ce, "Ɗan nan, rumbu a cike yake."
Ya kalli rumbun, ya kalle ni,
bai yarda da ɗayanmu ba.

Abin da ya ci mini rai:
baƙuwa mai tallan manja ta tsaya shan ruwa,
ya rungume ƙafarta, "Inna, tafi da ni."
Ni da ke wanke masa shimfiɗa kowace asuba,
ko sunana bai taɓa kira ba.

Maƙwabta suka ce iska ce. Aka yi hayaƙi.
Wani ya ce bulala ce maganinsa.
Sai Sahura ta asibitin sha-ka-tafi
ta kifa turmi ta zauna, ta ce:
"Dashen da aka tuge sau huɗu, Gwaggo,
ƙasa yake tsoro, ba ruwa ya ƙi ba.
Ko rijiya za ki, yi masa sallama.
In kin ce kina dawowa, ki dawo.
Mu kai shi Haɗeja likita ya saurare shi,
ciwo ne, ba rashin kunya ba."

Haka na koyi magana da bayan yaro:
"Za ni niƙa, kafin la'asar ina nan."
Bai juyo ba. Na dawo. Bai juyo ba.

Ran nan ya ɗaga tuluna ya sake shi da gangan,
ya ɗauko ledarsa, ya tsaya bakin zaure
yana jiran babur.
Zuciyata ta tafasa, Allah ya sani.
Na share sakaina, na hura wuta,
na ce, "Zo, miya ta kusa."
Har isha yana tsaye.
Babur bai zo ba.

Yau damina biyu ke nan.
Ledar tana nan a ƙarƙashin kansa, ban taɓa ta ba.
Har yanzu in na dafa shi, kafaɗar sai ta noƙe.
Amma jiya ya suɗe akushi tas,
da safe na ɗaga tabarma,
tururuwa sun yi layi, suna ta kewaye,
ba su sami komai ba.