Raƙumin Azbin Ya Yi Ƙarfi

A shagon Haladu, can cikin Mokoyo,
na'ura shida, fanka ɗaya mai tari.
Dala arba'in, awa guda,
a ba ka daula da manoma bakwai
a ce je ka ci duniya.
Ni ke riƙe da littafin bashi,
don haka ba abin da ke wuce kunnena.

Tsahiru ya doki tebur:
"Raƙumin Azbin ya yi ƙarfi!
Ba ya ƙishi, ba ya gajiya.
Ka fara ganuwa tun asuba,
kafin ka haƙa rijiya ta biyu
ya kwashe maka rumbu ya bar ka da murfi.
Wannan fashi ne, an dai ɗaura masa rawani."

Laminu, mai raƙuman,
yana ɓarar gyaɗa, bai ɗaga kai ba:
"Wanda bai iya rawa ba, ganga yake zargi.
Raƙumi zinariya tamanin,
maharbinka na Gobir talatin.
Yi lissafi, ai ka shiga lakwal."

"Wane maharbi? Wanda aka yanke wa hannu?
Gyaran bara ya rage wa kibiya taki biyu.
Yanzu sai maƙiyi ya iso gabanka,
ka gaishe shi, ka tambayi iyali,
sannan ka ja baka."

Seyni Bazabarme ya yi dariya
har kujerar roba ta nemi agaji:
"Bagobiri da kuka, ai gadon gida ne.
Ni jiragen Songai aka ba ni
a taswirar da ba ta da kogi.
Wata huɗu ina tuƙa kwalekwale bisa yashi,
wa ya ji bakina?"

An ce bayan salla sabon gyara zai sauka.
An ce za a ƙara Borno da sulkenta.
An ce fari za su riƙa cin gero a wasan,
kamar ba su ƙoshi da na gonarmu ba.
Wani yaro ya gani a waya,
wayar ta yayansa ce, yayan yana Kwanni.
"Giga goma sha ɗaya," in ji Haladu,
yana duban rufi kamar mai bin bashin sama.
"Da rezon nan, kwana uku, in Allah ya so."

Ni nawa ciwon daban ne.
Na ja taswira zuwa inda muke zaune,
arewa da Katsina, kudu da hamada:
ba suna, ba gawo, ba fadama,
launin ƙasa kawai,
da kura guda tana zagaye kanta.
Laminu ya ce, "Lokacin ba a kafa garin ba."
Na ce, "Gulbin fa?
Shi ma jira yake a kafa shi?"

Sai muka yi shawarar wasiƙa
zuwa ga masu wasan a garinsu mai sanyi.
Seyni ne mai Faransanci.
Mun ci rabin awa kan lamba ɗaya:
a mai da raƙumi takwas, ko tara?
Na ce a sa gulbi a layin ƙarshe,
ko da zare ne shuɗi, ko da damina kaɗai.

Ana cikin haka kuran ya ɗauke.
Dauloli shida suka faɗi tare,
ba wanda ya ci wani.

Muka fito ƙofar shago.
Tsahiru ya zana ganuwa da tsinke,
murafun kwalba suka zama maharba,
ɓawon gyaɗa ya zama ayari.
Na ja gulbi da yatsa, mai faɗi,
Seyni ya ɗora masa ashana.

Ba a yi minti biyar ba
Tsahiru ya miƙe yana kakkaɓe wando:
"Ku duba, don Allah, ku duba!
Ko ɓawon ma ya yi ƙarfi."