Shaidar Rai

Ranar da alƙali ya ɗora mini kai, Baffa Gidado,
bai ba ni komai ba sai takarda mai hatimi
da kalma guda mai nauyin buhun gero: amana.
Na dawo Bolari da ita a aljihun gaba,
na tarar da kai a zaure kana ƙirga buhunan auduga
waɗanda aka gama awonsu a Kumo tun ina goye.

Yanzu katin bankinka yana hannuna,
da makullin ɗakin Dudu, da ba a buɗe ba tun rasuwarta,
da littafi mai jan bango inda nake rubutawa:
ƙwayar hawan jini, dubu huɗu.
Man zafi. Sabulu. Kindirmo na ɗari biyar.
Ladan Saratu 'yar Kaltungo, mai zuwa Litinin da Alhamis
ta gwada jini, ta yanke farce,
ta koya mini juya ka don kada baya ya yi gyambo.
Ko sisi ba ya kwana bai sami layinsa ba.

Duk da haka da asuba sai ka cafke mini hannun riga:
"Hammadu, ina kuɗina?"
Hammadu ƙanenka ne, shekara sha tara ke nan ƙasa ta rufe shi.
Ni Manu ne, ɗan maƙwabci,
wanda ka saya wa takalmin shiga firamare.
Na amsa sunan. Na amsa ɓarawon ma.
Wanda ya ɗauki tsoho, har da bakinsa ya ɗauka.

Bayan salla 'ya'yan ɗan'uwanka suka zo a mota mai sanyi.
A tsaye suka gaishe ka,
idonsu yana can fadamar Dadin Kowa.
Sun taho da takarda, sun taho da tawada,
wai dangwalawa kawai za ka yi.
Na ce yatsan nan ya shekara talatin a bakin sikeli
bai taɓa danne awon talaka ba,
ba yau zai fara da nasa ba.
Suka ce yaushe bare ya fi dangi?
Na kawo musu ruwa. Na nuna musu hatimin.
Ba su sha ba.

Watan jiya aka kira 'yan fansho tantancewa.
Na naɗa maka rawani, na sa ka a keke napep,
muka bi layi har inuwa ta gudu ta bar mu.
Yarinyar ta ce a ɗora yatsa.
Gilashi ya yi ja.
A sake. Ja.
Zanen ya shafe, shekaru sun lashe shi
yadda akuya ke lashe dutsen kanwa.
Ta ce, "Na'ura ba ta gan shi ba."
Ga ka kuwa, kana tari a gabanta.

Sai ka ɗago, idonka ya washe kamar an kunna fitila,
ka ce, "Yarinya, sikelinku ya karkace.
A kira mai gyara kafin a cuci mutane."
Layin nan kaf ya fashe da dariya,
har da wanda aka kawo a kan katifa.
Aka ce mu dawo mako mai zuwa.

Da dare na buɗe littafin:
keke, zuwa da dawowa, ɗari takwas.
Akwai abin da ba shi da layi a ciki, Baffa.
Daren da ka ɓata shimfiɗa sau uku, na daka maka tsawa,
ka kare fuska da hannu kamar yaro.
Wannan alƙali ba zai tambaye ni ba.
Na san Wanda zai tambaya.

Ina ja maka bargo ka ce, ba tare da buɗe ido ba,
"Manu, takalmin ya yi maka daidai?"

Ya yi, Baffa. Yi barci.