Inda Allura Take Tuntuɓe

A shagon Kawu Lawandi, can ciki da Ƙofar Guga,
agogo talatin a bango, kowanne da nasa lokacin.
Ƙarƙashin benci akwai garmaho
da faifai bakwai, baƙaƙe wuluk kamar gindin tukunya.
Wani malamin kwaleji ne ya ba da su jingina,
ya tafi, bai dawo fansa ba.

In la'asar ta yi sakaliya, ciniki ya lafa,
sai Kawu ya goge ɗaya da hannun riga, ya ɗora allura.
Da fari shuuu, kamar ana juye gero a ƙwarya,
sannan fiyano ya shigo a hankali,
baƙon da ya tuɓe takalmi tun daga zaure.

Tanimu mai tireda yakan leƙo:
"Wai wa ake wasawa? Ina mawaƙi, ina 'yan amshi?
Wannan ai tuwo ne ba miya."
Kawu, gilashi manne a ido ɗaya, ba ya ɗagowa:
"Hannun dama ke tambaya, na hagu ke ba da amsa.
Mai shi ya kwanta dama tun kafin kakan kakanka,
ka ji har yau bai gama ƙorafi ba."

Ni na huɗun nake jira.
Yana da tsagi siriri kamar gashin gira,
daidai inda kiɗan ya rage gudu, ya sunkuyar da kai.
Nan allura take tuntuɓe,
ta koma baya, ta sake faɗin sautuka uku,
ta sake,
ta sake,
sai Kawu ya ajiye hantsaki, ya taɓa ta da ɗan yatsa
yadda ake tashin yaro sallar asuba.

Bana shekara tara da muka kai shi makwanci.
Shagon ya koma wurin cajin waya,
garmahon ban san hannun wa ya faɗa ba.

Jiya na lalubo sonatar a wayata.
Tas take, ba gero, ba ƙwarya,
har numfashin makaɗin ana ji.
Da ta iso wurin, sai ta wuce sumul,
ko waiwaye babu,
ta bar ni zaune a bakin gado
da yatsa a sama.